Kaluluwa a wuyana ta haura wata biyu ta ƙi sauka, dan Allah ina neman shawara

Ɗan Misfala:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman wurin wanda ya taɓa ganin irin wannan ko ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ni a Makka nake, ina tsaron shago wajen Misfala, shekarata 34. Lokacin aikin Hajjin nan na kwashi murar da kowa ke kwasa in alhazai sun cika gari, tari da ciwon maƙogwaro, wajen kwana goma ta sake ni. To a cikin murar ne na shafa na ji wani ƙululu a gefen wuyana na dama, ƙasa da kunne kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa. Ban damu ba don na san kaluluwa ce, tun muna yara muna yi. Amma ga shi mura ta tafi tun bayan Arfa, yau Safar ta raba, abu na nan daram, ya ma ƙaru ya kai kamar ɗan ƙaramin goro, kuma shekaranjiya da nake wanka na ji kamar akwai wata ƙarama a ƙasanta.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba ta ciwo ko kaɗan, ko na danna. Na je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, sau biyu, na farko likitan ko taɓawa sosai bai yi ba ya rubuta min antibayotik na kwana bakwai, na shanye ba canji, na koma aka canza wani, shi ma shiru. Ina ɗan jin zazzaɓi da yamma amma ba kullum ba, da dare kuma nakan tashi riga ta jiƙe alhali mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na kunne, matata ta ce na rame ni kuma ina ganin wahalar musim, wato lokacin Hajji, ce kawai, wanda ya yi tsayuwar shago lokacin Hajji ya san abin da nake nufi. Innata daga gida ta bugo ta ce in nemi wanzami ya yi min sakiya, akwai wani dattijo wajen Shara Mansur da aka ce ya iya. In je ko in ƙara haƙuri? Wlh abin ya fara hana ni barci, in na buɗe waya na rubuta sai in ga ana ta maganar kansa, ciwon daji, in rufe da sauri.

Hajiya Babba Jidda:

Wa alaikumus salam ɗana, sannu, Allah ya yaye. Ka kwantar da hankalinka, kaluluwa ba ta fitowa haka kawai, kullum tana da uwa a wani wuri. Mu yadda muka taso, in yaro ya yi tuntuɓe ya ji ciwo a yatsan ƙafa sai ta fito masa a matsematsi, in a hannu ne ta fito a hammata, ta wuya kuwa ka duba kai da kunne da haƙori. Jikana shekarun baya an yi ta fama da ita a ƙeyarsa har biyu, ashe makero ne a cikin sumarsa ba wanda ya lura, da aka aske aka ba shi magani na sha sai ga su sun baje da kansu. Ka sa matarka ta haska maka baki da fitilar waya ta duba turamen haƙoranka na wannan ɓarin ko akwai mai rami, ko dasashi na jini. Sai ka riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ka sha zuma da habbatus sauda, ga Zamzam a kusa da kai ai kai gata gare ka. Amma sakiyar nan ban goyi baya ba, wuya ba wurin wasa ba ne, jijiyoyi ne ta ko'ina. Ka gai da iyali.

Nas a Madina:

Slm. Hajiya Allah ya ƙara girma, maganarki ta uwa gaskiya ce kuma haka ma ake koyarwa a makaranta, sai dai akwai inda zan ɗan ƙara saboda abubuwan da ɗan'uwan nan ya lissafa.

Ita kaluluwa ba baƙuwa ba ce a jiki, kowa na da su ɗaruruwa, a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, Larabawa ke ce musu gudad limfawiyya. Aikinsu kamar rariya ne, ruwan jiki na bi ta cikinsu suna tace ƙwayoyin cuta, in yaƙi ya yi zafi a kusa da su sai su kumbura. Shi ya sa ta mura ko ta haƙori take ciwo, tana da laushi, tana zamewa ƙarƙashin yatsa, kuma cikin sati biyu zuwa huɗu ta fara komawa. Wadda muke sa wa ido ita ce wadda ta wuce sati huɗu zuwa shida ba ta ragu ba, ko tana ƙara girma, ko ta kai santimita biyu, ko ta yi tauri kamar dutse, ko ta manne ba ta motsi, ko ta fito a ramin nan da ke saman ƙashin da ya taho daga kafaɗa zuwa ƙirji. Kuma mutane na ɗauka rashin ciwo alheri ne, a wannan wurin ba haka ba ne, mai ciwon ce ta fi saurin ba mu kwanciyar hankali.

Malam kai kuma ka haɗa wata biyu da ƙari, da girma, da ta biyu a ƙasa, da zazzaɓin yamma da zufar dare da rama. Ba tsorata ka nake ba amma wannan ya wuce a ce a ƙara haƙuri, ya kuma wuce zagaye na uku na antibayotik. A irinmu da muka taso a Najeriya ko Nijar ko Sudan abu na farko da likita zai fara tunani shi ne tibi, nan suna cewa daran. Mutane sun san tibi da tari ne kawai, alhali in ta bar huhu inda ta fi zama shi ne kaluluwar wuya, mutum ko tari ɗaya ba ya yi. Na biyu akwai limfoma, wato kansar ita kaluluwar kanta, ita ma zufar dare da rama take kawowa, daga waje ba mai iya raba su da ido ko da hannu komai ƙwarewarsa. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke warkewa da kansu, kamar wadda ake samu daga yakushin mage ko cin naman da bai dahu ba, da wata ƙwayar bairos da ke sa ciwon maƙogwaro da kasala ta yi makonni. Za su yi maka gwajin HIV ma, kar ka ji haushi, kowa ake yi wa in kaluluwa ta daɗe, ba zargi ba ne.

Abin yi: ka nemi tahwil, wato takardar turawa, zuwa likitan anf wa uzun wa hanjara (hanci da kunne da maƙogwaro) ko na badiniyya (cututtukan cikin jiki) a mustashfa babba, wato babban asibiti, ka faɗa musu tsawon lokacin da kanka tun kafin su tambaya, ka tafi da kwalayen magungunan da ka sha. Za su yi tahlil, wato gwaji, na jini, hoton ƙirji, sona, wato sikanin, ta wuya, sannan mafi muhimmanci a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a kai lab, minti kaɗan ne kuma zafinta bai wuce na ɗibar jini ba. Ka roƙa a haɗa da gwajin tibi a samfurin, akwai na'urar GeneXpert da ke ganowa da wuri. Wani lokacin allura ba ta isa sai an ciro kaluluwar guda, suna ce masa khaz'a, in an ce haka kar ka gudu.

Abu biyu dan girman Allah. Kar ka bari kowa ya ba ka kotizon, maganin nan mai saukar da kumburi, ƙwaya ko allura, kafin a ɗauki samfur, yana motsar da kumburin na ɗan lokaci ya ɓata sakamakon. Sannan wasu antibayotik irin su siprofloksasin suna ɗan taɓa ƙwayar tibi su ɓoye ta ba tare da sun kashe ta ba. Tun 2018 aka tsananta a nan kan sayar da antibayotik ba wasfa, wato takardar likita, amma mun san har yanzu ana kawo wa juna daga gida a jaka. In ka rasa ta inda za ka fara ka kira 937, layin ma'aikatar lafiya ta Saudiyya.

Abu Sadik:

Malam ni dai shawarata kayi hijama a wuyan da kafada, mataccen jini ne ya taru, ni na taba yi ta baje cikin kwana hudu. Su asibiti da ka shiga sai sun nemo maka cuta don tamin, wato inshora, ya biya. Kuma ka rike azkar, zaman shago akwai ido.

Direba Riyad:

Abu Sadik taka ta kwana nawa ce kafin ka yi ƙahon? Don ina zargin irin wadda ko ba a taɓa ta ba za ta baje ce. Ba ina raina hijama ba ne, ni ma ina yi a baya da kai, amma ba a kan ƙululun da ba a san mene ne a ciki ba.

Ɗan Misfala ɗan'uwana, da na karanta rubutunka sai na ga kamar ni na rubuta shi shekara uku da suka wuce. Tawa a hagu ta fito, ina tuƙa wani gida a nan Riyad, na yi wata huɗu ina ɓoye ta da shimag, ƙyallen nan da mazan Larabawa ke yafawa a kai, saboda tsoron kar masu gida su gani su ce ina da wata cuta su sallame ni. Irin abin da innarka ta ce shi na yi, wani mutumin garinmu ya ƙona min wurin da ƙarfe, wallahi kuskuren da na fi nadama ke nan. Sati biyu bayan nan wurin ya yi ruwa ya fashe, ba irin mugunyar ƙurji ba, wani abu fari-fari kamar dagargajajjen cuku, ya ƙi rufewa, kullum sai na canza auduga sau uku, kwalar riga duk ta ɓaci. Ita uwar gidan ce ma da kanta ta lura ta ce wa maigidan a kai ni asibiti, wadda nake ɓoye wa ɗin, ka ji ikon Allah.

Aka zuƙa aka ce daran ne. Na ce likita ni ban taɓa tari ba, ya ce ƙwayar na iya kwanciya a jikin mutum shekara da shekaru tun yana yaro, sai ranar da jiki ya yi rauni da wahala ko rashin barci ko ciwon suga ta farka. Da na yi tunani kakana da ya rene ni a ƙauye da tari ya rasu, a ɗaki ɗaya muke kwana. Magani wata shida ne cif, wata biyun farko kala huɗu a haɗe, sauran huɗun kala biyu, da sassafe kafin ka ci komai. Ba zan yi maka ƙarya ba satin farko ya ba ni wuya, tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi, kuma ba wanda ya gaya min fitsari zai koma ja kamar lemon kwalba, ranar farko na fito bayi jikina na rawa na ce shi ke nan jini nake fitsara, ashe aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne, rifamfisin. Wani abin kuma, a wata na biyu sai ga wata sabuwa ta fito kusa da tsohuwar, na koma a fusace na ce maganinku ba ya aiki, likitan ya yi dariya ya ce hakan na faruwa, jiki ne ya farfaɗo yake faɗa da matattun ƙwayoyin, in ci gaba. Haka kuwa aka yi. Yau lafiyata ƙalau na mayar da kilo tara da na zubar har da riba, abin da ya rage tabo ne a wuya kamar an ɗana min tsinin guga, kuma tabon na ƙarfen nan ne da fashewar, da allura kawai aka yi da ba a ga komai ba.

Ɗan Maiurno:

Salamu alaikum ya jama'a. Ni ɗan Sudan ne, Hausawan Maiurno kusa da Sinnar, yanzu ina Jidda. Abin da nas ta faɗa ya isa, ƙari biyu kawai saboda mutanenmu na can da ke karantawa. Wanda ya yi zaman gona a yankin Gadarif, ƙasar baƙar laka mai tsagewa inda aduwa da dushe suka yi yawa, in ya ga kaluluwa da zazzaɓin da ya wuce sati biyu maganin maleriya bai taɓa shi ba, ciki na kumbura ta hagu wajen saifa, mutum na ramewa, to ya tuna da kala-azar. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke cizo da dare ya sa ta. A can daga ita kaluluwar ma ake zuƙa a gano, ko a ɗiga jinin yatsa, allura ce ta kwana 17 kuma ana warkewa, amma in an bar ta kisa take. Ɗan Misfala in ba ka taɓa zuwa can ba wannan ba taka ba ce.

Na biyun ya shafe mu duka a nan. Kana shan nonon raƙumi ɗanye irin wanda ake tatsa a bakin hanya? Don yana kawo cutar da Larabawa ke kira humma maltiyya, zazzaɓi mai zuwa ya tafi da zufar dare da ciwon baya, wani lokacin har da kaluluwa. Ka faɗa wa likita in kana sha. Haka mai sa garin taba irin tumbak ko shamma a leɓe, da mai sigari da shisha, in ya haura arba'in ya ga ƙululu mai tauri a wuya to a leƙa bakinsa da maƙogwaro da kyau, kawuna haka tasa ta fara, ashe gyambon na ƙarƙashin harshe. Allah ya jiƙansa.

Maman Ihsan:

Allah ya jiƙansa da rahama. Ni a kan maganar kansa da ka ce tana sa ka rufe waya zan yi magana. Ƙanwata tana da shekara 26 aka gano mata limfoma irin ta Hodgkin, daga wuya ta fara, ga ƙaiƙayin jiki da ba ƙurji, muka yi ta canza mata sabulu. An ɓata kusan wata biyu saboda wani ya yi mata allurar kotizon kumburin ya sauka muka yi ta murna har da sadaka, ya dawo ya fi da, da aka zuƙa da allura ba a ga komai a fili ba sai da aka ciro guda. Ta yi kimawi, wato maganin kansa na kemo, wata shida, gashi ya zube ya dawo, yanzu haka goyo take. Likitanta ya ce tana cikin kansar da aka fi samun nasara a kanta musamman ga matasa. Don haka ko da, Allah ya kiyaye, ita ce, ba a naɗe tabarma ba. Ka je kawai Yaya, ka bar matsa wurin kuma, yawan latsawa shi ma na hana ta kwanciya.

Ɗan Misfala:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shiru na kwana goma sha biyu. Na gode Allah ya saka, Hajiya na gode da addu'a, matata ta haska haƙoran ba ta ga komai ba sai goron da nake ci ta samu abin yi min tsiya. Gaskiya ranar da na yi rubutun nan na riga na yi alkawari da dattijon Shara Mansur washegari bayan Isha, labarin Direba ne ya sa na fasa, na ce wa Inna layi ya yi yawa.

An sha fama da tamin kafin muwafaƙa, wato amincewarsu, ta fito, nawa ƙaramin aji ne, sai da kafil ɗina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sa baki. Likitan ya zura min wata siririyar kyamara ta hanci ya duba har maƙogwaro ya ce lafiya, sona ta nuna ashe guda huɗu ne sun manne da juna ba biyu ba, hoton ƙirji fes, HIV babu, suga babu. Allurar kuwa yadda nas ta faɗa, kafin in gama salati an gama. Jiya aka kira ni, daran ne. Wallahi ban san ana murna da tibi ba sai jiya, na fito ina hamdala mai gadin ƙofa na kallona. Yau da asuba na sha na farko, kuma Direba na ga jan fitsarin, da ba ka faɗa ba da yanzu ina tawari, sashen gaggawa na asibiti.

Tambayata yanzu, ina da yara biyu ƙaramar shekararta uku, in ware kwanona da kofina ne? In daina kwana ɗaki ɗaya da su? Matata ta riga ta fara ware min cokali tana ɓoyewa wai kar in ji haushi. Kuma shago fa, in ci gaba da fita?

Nas a Madina:

Alhamdulillah, sannu Malam. A mayar da cokali cikin 'yan'uwansa, tibi ba ta bin kwano ko kofi ko musabaha, ta iska take bi daga mai ita a huhu ko maƙogwaro in ya yi tari, kai kuma an duba naka biyun lafiya, ta kaluluwa zalla ba a ɗauka. Amma duk da haka ka gaya musu akwai 'yar shekara uku a gida, sau da yawa sukan so duba mutanen gida ko akwai wani mai tarin da ya daɗe wanda ba a lura da shi ba, har abokan zamanka na shago ka tuna ko akwai mai irin wannan tarin. Fita aiki likitanka zai faɗa maka, yawanci ba a hanawa.

Abin da za ka sa wa ido shi ne hanta. In idonka ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi ba jan nan na magani ba, ka koma a ranar kar ka jira mau'id, wato ranar da aka sa maka ka koma. Haka in gani ya fara dishi-dishi ko ka kasa raba ja da kore. In ba su haɗa maka da bitamin B6 ba ka tambaya, yana hana jin tsira-tsira a tafin ƙafa. A bar jiƙe-jiƙe da saiwoyin da za a aiko daga gida har ka gama, Inna za ta aiko na sani, ka karɓa ka gode ka ajiye. Kuma bayan wata biyu za ka ji garau kamar ba ka taɓa ciwo ba, nan ne mutane ke yar da magani ta dawo musu da taurin kai.

Direba Riyad:

Barka ɗan'uwa, ka shigo ƙungiya. Ka sa alam a waya, ni bayan sallar Asuba nake sha in koma in ɗan kwanta kafin karin kumallo, tashin zuciyar ya wuce ina barci. Ka hau sikeli yau ka rubuta a bangon kwalin maganin, duk wata ka sake. Sannan farar jallabiyarka ta Juma'a ka ɗan ajiye ta tukuna, ba fitsari kaɗai abin ke rinawa ba har zufa, ni guda biyu na yi asara a zafin Riyad kafin in gane daga ina ruwan lemon ke zuwa hammata.